Bindigar da 'yan sanda suka ajiye: yadda na duba Glock 22 ta hannu kafin na saya

Ina zaune a birnin Houston na jihar Texas, kuma sana'ata gadi ce irin wadda mai yin ta yake riƙe makami da lasisin hukuma. Inda nake aiki kowane ma'aikaci shi yake sayen bindigarsa, saboda haka da na kammala horo sai na tarar da cewa sabuwar ƙaramar bindiga mai inganci ta fi ƙarfin aljihuna a lokacin. Wani dattijo mutumin Damagaram, wanda ya shekara da yawa a wannan aiki kuma muke kiran sa Alhaji, shi ne ya ce mini in nemi irin waɗanda rundunonin 'yan sanda suke mayarwa idan za su karɓi sababbi. Abin da zan bayyana a nan lamari ne na Amurka da dokokinta, domin a Najeriya ƙaramar bindiga tana cikin makaman da dokar 1959 ta hana mutum mallaka sai da izinin shugaban ƙasa.

Tambayar da ta fara zuwa mini ita ce dalilin da zai sa hukuma ta rabu da makamin da ba shi da aibi, domin a al'adarmu kayan da aka karyar wa farashi akan yi masa kallon tuhuma. Amsar tana cikin tarihin harsashin da bindigar take ci. A watan Afrilun 1986 an yi musayar wuta a Miami tsakanin jami'an FBI, wato hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, da wasu 'yan fashi biyu, aka kashe jami'ai biyu, aka raunata biyar, kuma bayan binciken da ya biyo baya hukumar ta ga cewa harsashin milimita 9 na wancan zamani bai wadatar ba. Daga nan aka shiga neman wanda ya fi shi ƙarfi, har kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka fito da harsashin .40 S&W a 1990, a shekarar kuma kamfanin ƙera bindigogi na Glock ya fitar da samfurinsa mai lamba 22 wanda yake cin sa. FBI ta karɓi wannan bindiga a 1997, rundunonin birane da jihohi da yawa su ma suka rungume ta. Da aka inganta ƙirar harsashin milimita 9, sai FBI ta koma kansa, ta ba Glock kwangilar sababbin bindigogi a 2016, rundunoni kuma suka yi ta bin sahunta saboda ya fi sauƙin kuɗi, ya fi sauƙin sarrafawa a hannu, gidan harsashi kuma yana ɗaukar fiye da na da. Wannan sauyi ne ya cika kasuwa da Glock 22 ta hannu, kuma shi ne asalin araharta.

Ana sayar da irin waɗannan bindigogi a intanet, a aika su zuwa shagon dillali mai lasisin gwamnatin tarayya, mai saye ya je can ya cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinsa, sannan a miƙa masa. Ban bi wannan hanya ba, saboda hoton da ake sakawa sau da yawa na samfuri ne kawai, wadda za ta zo maka kuwa sai ranar da ka buɗe akwati za ka san ta. Na fi son in riƙe abin da zan biya kuɗinsa, don haka muka tafi da Alhaji wani shago da ke da guda shida a cikin gilashi, dukkansu daga runduna ɗaya.

Idona ya fara sauka a kan wadda ta fi sauran baƙi da ƙyalli, amma Alhaji ya ɗauki wata wadda gefunan murfinta na sama suka koɗe har farin ƙarfe ya bayyana, ya ce: "Ƙanena, wannan kube ne ya ci ta, ba harbi ba." Maganarsa ita ce mabuɗin dukan abin da na koya a ranar. Ɗan sanda yana rataye bindigarsa a ƙugu kowace rana na tsawon shekaru, tana gogar kube, tana bugun ƙofar mota da kujera da bango, amma yawancinsu ba sa harba ta sai lokacin da aka kai su filin gwaji domin sabunta cancanta. Saboda haka jikinta na waje yakan tsufa alhali cikinta bai yi wani aiki mai yawa ba. Koɗewar baƙin fenti a kusurwoyi da kuma gogewar ƙota a ɓangaren da ke fuskantar waje ba su rage mata komai, musamman da yake ƙarfen Glock na wancan zamani an yi masa wani irin dahuwa da ke hana tsatsa a ƙarƙashin fentin. Abin da ya kamata ya tsayar da mai saye shi ne tsatsa mai rami, ko tsagewa a jikin robar, ko alamar cewa an taɓa gyara ta da hannun da bai san aiki ba.

Kafin a taɓa komai, mai shagon ya zare gidan harsashi, ya ja murfin baya, ya nuna mana cewa ɗakin harsashi babu kowa, ni ma na sake dubawa da idona da yatsana. Wannan ba ladabi ba ne kawai, domin ba a kwance Glock sai an danna kunama, kuma wanda ya yi sakaci a wannan mataki zai iya kashe mutum. Da aka raba ta gida huɗu, wato murfi da bututu da sifirin da gangar jiki, na fara da lambobin shaida, na tabbatar cewa lambar da ke kan bututu da ta murfi da ta ƙaramin farantin ƙarfe da ke ƙarƙashin gangar jiki duk ɗaya ce. Sannan na ɗaga bututun zuwa haske na leƙa cikinsa, na same shi sumul yana sheƙi, babu rami babu kumburi. A jikin bututun ta waje akwai zoben gogewa da murfi yake bari idan yana kai da komowa, kuma a kan wannan bindiga zoben bai yi zurfi ba, alhali a kan mai ƙyallin nan da na fara so ya fito fari tas. Muka duba ƙananan layukan ƙarfe huɗu da murfi yake gudu a kansu, da tubalin ƙarfen da bututu yake zama a kai, da ƙugiyar da take fizgo kwanson harsashi, saboda harsashin .40 yana dukan waɗannan sassa fiye da yadda milimita 9 yake yi, kuma idan akwai karaya a nan take ɓoyewa. Ba mu ga ko ɗaya ba.

Bayan lafiyar jiki sai abubuwan da runduna ta zaɓa wa jami'anta, waɗanda mai saye yake gada ko yana so ko ba ya so. Wadda na zaɓa, mai koɗaɗɗen murfin nan, zubi na uku ce a jerin ƙirar Glock, ƙirar da ta fito a 1998, mai gurbin yatsu a ƙota da wurin maƙala fitila a gaba, ba ta da sifirin mai ninki biyu da marikin da ake sauya wa girma irin na zubi na huɗu da ya zo a 2010. Nauyin kunamar Glock na asali, wato ƙarfin da yatsa yake sawa kafin ta tashi, kusan fam biyar da rabi ne, amma wasu rundunoni sukan sa sifirin mai tauri, kamar yadda 'yan sandan birnin New York suka daɗe suna amfani da kunama mai nauyin fam 12, saboda haka dole mutum ya danna ya ji da yatsansa. Wasu samfuran Smith & Wesson na 'yan sanda kuma ba sa tashi idan an zare gidan harsashi, abin da ya kamata mai saye ya tambaya tun a shago.

Abin da ya fi yawan ruɗar mutane shi ne saitin dare, wato alamomin auna hari da ke kan murfi masu haske a cikin duhu. Dillalai suna son rubuta shi a kan takardar farashi domin sabo yana da tsada, amma ɗigon da ke haske a cikinsa iskar tiritiyom ce, wadda ƙarfinta yake raguwa da rabi a cikin shekara 12 da 'yan watanni. Na rufe saitin da tafin hannuna na leƙa, da ƙyar na hango wani kore mai dusashewa. A lissafina ban ba shi darajar ko sisi ba, kuma na faɗa wa mai shagon haka cikin girmamawa, shi ma bai musa ba.

A nan ne maganar daraja ta zo, kuma a ganina a nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin suna kwatanta farashin da ke rataye da farashin sabuwa su tsaya. An sa mata dala 300 da ɗoriya, sabuwa kuwa ta haura dala 500, amma tawa gidan harsashi ɗaya ta zo da shi mai ɗaukar 15, ni kuma aikina yana buƙatar uku. Na ƙara kuɗin guda biyu, da sabon sifirin na murfi wanda ba shi da tsada kuma bai kamata a amince da tsohon ba tunda babu wanda ya san adadin harbin da ya sha, da sabon saiti da ladan mai ɗaurawa, da haraji. Da na tara, tazarar ta ragu sosai, ko da yake ba ta ɓace ba. Akwai kuma kuɗin da ba ya bayyana a ranar saye, wato harsashin .40 ya fi milimita 9 tsada a kowane akwati, kuma wanda yake zuwa atisaye kowane wata zai ji wannan bambanci a aljihunsa kafin shekara ta zagayo. Ga wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, ko mai yawan atisaye, ina ganin Glock 17 ko 19 ta hannu, mai cin harsashin milimita 9, ta fi masa, ko da zai ƙara wani abu a kan farashin. Ni kuwa da .40 aka horar da ni, hannuna ya saba da dukanta, shi ya sa lissafin ya yi mini daidai.

Mai shagon ya rage mini kaɗan saboda mataccen saitin, na cike fom, binciken ya dawo babu matsala, na biya. Ban kai ta wurin aiki ba sai da na kai ta wajen maƙerin bindiga mai lasisi ya kwance ta gaba ɗaya, ya wanke ramin allurar da ke bugun harsashi, wanda ya same shi cike da busasshen mai da ƙura, ya sauya sifirin da saiti. Daga nan muka je filin atisaye da Alhaji, na harba harsashi 200 da gidajen nan uku ɗaya bayan ɗaya, ciki har da akwati guda na irin harsashin da zan riƙa ɗauka a bakin aiki, ba ta sarƙe ba ko sau ɗaya. Alhaji ya karɓa ya harba guda 15, ya duba takardar saiti, ya miƙo mini ita ya ce in sayi kube mai kyau wanda yake rufe kunama gaba ɗaya, da akwatin ƙarfe mai makulli saboda yaran da ke gidana, kuma a hanyarmu ta komawa muka tsaya muka sayi duka biyun.