Godiya ga waɗanda suka tsaya mini daren da akuna ya zubar da jini

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, aku ya warke sarai. Jiya ma ya koma kwaikwayon ƙarar wayata, yana sa ni tashi a banza. Tunda an yi ta tambayata jikinsa, na ga ya kamata in fito fili in yi godiya.

Laifin nawa ne, ba sai an faɗa mini ba. Yana cikin sake gashi, tsofaffin na zuba, sababbin na tohowa a kansa da wuyansa tsaye kamar tsinke, kowanne cikin kubensa. Wurin ne bakinsa ba ya kaiwa. A daji ɗan'uwansa ke gyara masa, a gida kuwa ni ce ɗan'uwan. Ganin ƙaiƙayi ya dame shi sai na kama murza su gaba ɗaya, na gindi da na sama, ban san cewa gashin da ke girma yana da jini a cikinsa ba. Na taɓa wani ɗanye, ya ƙwalla ƙara, ya cije ni, ya buga fuffuke a jikin keji. Nan wani babban gashin fuffukensa da bai gama girma ba ya karye, jini ya fara ɗiga.

Yaya, Allah Ya saka miki da alheri. Ni kuka kawai nake yi, ke kika naɗe shi da tawul, kika barbaɗa garin sitaci a wurin, kika danne da auduga ba ki ɗaga ba har ya lafa. Kin sha cizo biyu ba ki ce uffan ba. Maƙwabcinmu da ya fito da mota cikin dare, ko sallama ban yi maka da kyau ba a lokacin, ka yafe ni, na gode.

Likita, ban san da wane baki zan gode miki ba. Ke kika faɗa mini cewa jinin tsuntsu bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba, wato aku mai giram 400 duka jininsa kamar mililita 40 ne. Sai a lokacin na gane ɗigon da nake gani a ƙasan keji ba ƙaramin abu ba ne. Karyayyen gashin kamar bututu yake, yana iya sake ɓallewa, shi ya sa kika cire shi daga gindi da hantsaki, kika kuma ja mini kunne kada in taɓa gwada hakan da kaina. Abin da ya fi shiga raina shi ne yadda kika zaunar da ni kika buɗe gashin kina nuna mini: wanda gindinsa ke da duhu ɗanye ne, a bar shi, wanda kubensa ya yi fari ya bushe, a murza samansa a hankali tsakanin yatsu biyu, zai zube kamar amosani. In ya kauce ko ya kawo baki, a dakata. Shekara nawa ina tare da tsuntsun nan, babu wanda ya taɓa nuna mini haka.

Yanzu ina fesa masa ruwa mai ɗan ɗumi da safe don kuben ya yi laushi, da dare kuma in rufe shi ya sami barcin awa 10 zuwa 12. Masu kira da masu addu'a, har da waɗanda suka ce duk wannan a kan tsuntsu, na gode muku duka.

Kwana tara bai yarda na taɓa shi ba. Yau da safe ya matso bakin keji, ya sunkuyar da kai, ya buɗe gashin wuyansa. Guda uku kawai na murza, na bar sauran.