Tambayar da na daɗe ina yi ba daidai ba

Shekara shida ke nan ina aikin jinya a ɗakin masu ciwon suga, kuma duk wanda ya zauna gabana da katinsa tambayoyina ba sa canzawa. Me ka ci jiya da daddare? Kana shan magani a kan lokaci? Kana shan taba? In ya ce a'a, sai in ja layi a kati in wuce.

Wani saurayi mai sayar da waya, bai kai shekara 30 ba, shi ya sa na gane kuskurena. Allurar insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, yake yi, kuma yana da ƙoƙari, don ɗan littafinsa cike yake da lambobin gwajin da yake yi a gida. Amma lambobin sun ƙi zama. Da safe kafin ya karya sai ka ga 190, wata rana 220, alhali mai lafiya bai kamata ya kai 100 ba. Mun rage masa tuwon dare, mun duba inda yake ajiye allurar, likita ya ƙara masa adadinta. Shiru. Sau uku ina tambayarsa taba, sau uku yana cewa, "Wallahi Sista ban taɓa sa sigari a bakina ba." Mahaifiyarsa tana gefe tana gyaɗa kai.

Ranar da ya zo shi kaɗai, ya zaro wayarsa daga aljihu sai wani abu ya faɗo, kamar biro mai kauri, ruwan hoda, yana ƙamshin alawa. Na ɗauka na juya shi. Ya ce, "Ai wannan ba taba ba ce Sista, shisha fen ce, tururi ne kawai." Na tambaye shi sau nawa yake zuƙa a rana. Ya ce bai taɓa ƙirgawa ba, tana hannunsa a shago tun safe, da ita yake kwana. A jikin abin an rubuta 5%, wato ƙarfin nikotin ɗin da ke ciki, sinadarin nan na taba da ke kama mutum. Kamfanin JUUL na Amurka, mai ƙera irin wannan na'ura, da kansa ya faɗa cewa kwanso ɗaya nasa mai wannan ƙarfi ya kai kwalin sigari mai kara 20.

Yaron bai yi mini ƙarya ba. Ni ce nake tambayar hayaƙi, alhali nikotin ya kamata in tambaya.

A makaranta an koya mana aikin nikotin, amma sai da na ga littafin yaron nan karatun ya shige ni. Da zarar ya shiga jini, yakan zaburar da wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda su saki adirenalin, sinadarin da jiki ke fitarwa idan mutum ya firgita. Adirenalin ɗin kuma ya umarci hanta ta zubo sugan da ta ajiye. Mai sigari yakan sha kara ɗaya ya yar, jiki ya ɗan huta. Mai wannan na'ura kuwa ba shi da ƙarshen kara, zuƙa yake yi duk bayan 'yan mintuna, ko a ɗaki ko a gado, tunda ba warin da zai tona shi. A haka jiki ke daina jin maganar insulin, sai suga ya yi ta yawo a jini. Ga kuma wani haɗarin ta ɗaya gefen: nikotin na kashe yunwa. Wanda ya yi allura sannan ya tsallake abincin rana, suga na iya faɗuwa ƙasa ya same shi da rawar jiki da gumi a tsakiyar kasuwa. Wannan ya taɓa samun yaron, mun ɗora laifin a kan zafin rana.

A kan sigari magana ta riga ta ƙare. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2014 ya nuna masu shanta sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da nau'i na biyu na ciwon suga da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Sigarin laturoni, wato irin shisha fen ɗin nan, sabon abu ne, a 2003 wani masanin magunguna ɗan China, Hon Lik, ya ƙera irin wanda ake sha yau. Amma a 2022 masana a Jami'ar Johns Hopkins sun duba bayanan mutum kusan 600,000, suka ga masu zuƙarsa sun fi samun sugan da ya haura ƙa'ida, matakin da ke gab da ciwon. Alaƙa binciken ya nuna, ba tabbacin cewa shi ne sanadi ba, kuma haka nake faɗa wa marasa lafiya, ba na ƙara gishiri. Ga wanda ciwon ya riga ya kama, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙafa. Nikotin na tsuke jijiyoyin jini, ni kuwa hannuna ya wanke gyambon da ya ƙi warkewa har aka kai ga yanke yatsa.

Ban yi masa faɗa ba. Na ce, "Ƙanena, wannan tsakanina da kai ne da likita, Hajiya ba za ta ji daga bakina ba." Muka tsara ya riƙa ragewa, ya fara da daina kwana da ita, ya ƙara yawan gwaji, domin mai barin nikotin cin abincinsa kan buɗe, buƙatarsa ta insulin ma tana iya sauyawa. Makonnin farko ya sha wahala, ciwon kai da saurin fushi, har ya koma mata sau biyu. Da ya dawo bayan wata uku, lambobin safe sun sauko tsakanin 130 da 150. Ya gyara barcinsa ma a lokacin, wannan ya taimaka.

Yanzu idan matashi ya shigo da iyayensa, nakan ce, "Baba, a ɗan ba mu minti biyu." Sannan in tambaye shi ɗaya bayan ɗaya: sigari, shisha, shisha fen, tabar hanci, ta leɓe. Makon jiya wata yarinya 'yar jami'a ta yi shiru na ɗan lokaci, ta buɗe jakarta, ta ajiye tata a kan tebur kusa da na'urar gwaji.