Alhamdu lillahi, an sa hannu a kundin

Jiya aka sa hannu a kundin bincikena. Na yi barcin da rabona da irinsa tun bara.

Ba sai na maimaita ba, kun sha ƙorafina har kun gaji. Dare ɗaya ne dai ya ƙi barin raina: daren da na sa tataccen ruwa a na'ura, ruwan da bai kamata a ga komai a cikinsa ba, sai ga PFOA, ɗaya daga cikin PFAS, wato sinadaran masana'antu masu guba da ba sa saurin ruɓewa. Mu masu bin sawun sinadaran PFAS da nanogiram muke awo, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram. Iyakar da Amurka ta yanka wa PFOA a ruwan sha a 2024 nanogiram 4 ce kacal a lita. To in ruwa mai tsabta ya nuna guba, wa zai yarda da sauran sakamakona? Gwiwata ta yi sanyi, na zauna daɓas a ƙasa, ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba ce ta fitar da ni. Ta zuba hanyar aikinta da ɗanyen bayananta a Zenodo, shafin intanet da masu bincike ke ajiye bayanansu, kyauta, kowa ya ɗiba. Na tura mata saƙo ba don ina sa rai ba. Kafin gari ya waye ta amsa, ta ce in duba bututun Teflon da ke cikin na'urar, wata irin roba da kan iya sakin PFOA. Ashe ɓarawon a gida yake. Ba ta nemi ko a ambace ta ba. Allah Ya ba ta abin da take nema, Ya haskaka mata gabanta. Nawa bayanan ma can zan ajiye su, har da gwaje-gwajen da suka wargaje.

Malamata, kin hana ni ambatonki, ki yafe ni, na ƙi ji. Allah Ya ƙara miki daraja, Ya raya miki zuri'a. Baba mai kula da ɗakin gwaji, da ka riƙa jira na sai na kashe na'ura, Allah Ya biya ka da Aljanna. Inna, ba ki san mene ne PFAS ba, amma ba ki taɓa fasa yi masa addu'ar tsari ba. Allah Ya ja kwananki, Ya ba ni ikon kyautata miki.

'Yan uwa masu tambayar yaushe zan gama karatun ruwan datti, na ajiye muku kujeru jiya. Wataƙila saƙon ne bai iso ba.