Abin da taron cibiyarmu ya koya min

Ni aka ɗora wa tsara jadawali lokacin da cibiyar binciken bala'o'i ta jami'armu ta zo bikin zagayowar ranar kafa ta, kuma gaskiya na cika shi maƙil, lacca kan lacca, kowa minti goma sha biyar, ko hutun kirki ban bari ba. A tunanina taron masana kenan.

Rana ta farko da yamma majigi ya ƙi aiki. Ina ta zufa ina jan wayoyi sai wata tsohuwar farfesa da ta yi ritaya tuntuni ta ce min, ɗana bar shi haka nan, zo ka zauna. Ta zaro wani littafin rubutu daga jaka, ruwa ya taɓa jiƙa shi har shafukan sun kumbura tawada ta baje, ta ce da shi ta shiga wani gari kwana biyu bayan ambaliya tana ɗaliba. Ta karanto sunayen waɗanda suka ciro mutane daga ruwa, duk maƙwabta ne, kafin motar agaji ko ɗaya ta iso. Wallahi zauren ya yi tsit.

Ba sabon zance ba ne a fagenmu. Tun 1963 da masanin zamantakewa Quarantelli da abokan aikinsa suka kafa cibiyarsu ta binciken bala'o'i a jami'ar jihar Ohio ta Amurka, cibiyar da ta koma jami'ar Delaware a 1985, abin da suke ta ganowa kenan, cewa mutane ba sa haukacewa da firgici yadda ake zato, taimakon juna suke yi. Girgizar ƙasar Kobe ta Japan a 1995 ta kashe sama da mutum 6,000, kuma yawancin waɗanda aka zaro da rai daga ɓaraguzai 'yan uwa da maƙwabta ne suka zaro su. Na karanta duk wannan, na rubuta jarrabawa a kai ma, amma sai ranar ya shige ni.

A daren na soke laccoci uku na washegari, na kira masu su na ba su haƙuri, ɗaya bai ji daɗi ba kuma ina ganin da gaskiyarsa. Muka jera kujeru da'ira, tsofaffi da ɗalibai a cakuɗe.

Abu biyu har yanzu suna cina. Ban tanadi rikoda ba, rabin hirar farko ta tafi a iska. Sannan ba mu gayyaci ko mutum ɗaya cikin waɗanda bala'in ya faɗa wa ba, alhali da labarinsu muka samu digirorinmu, wannan kam laifina ne tunda ni na rubuta sunayen baƙi.

Kafin ta tafi na ce Malama ko za ki ara min littafin in ɗauki hotonsa? Ta ce in kula da shafi na tsakiya, ya kusa rabuwa. Sati biyu na yi ina ɗauka shafi-shafi da waya.