Lome ko Kwatano, kwanakin kwantena ke cinye ribar ɗan Damagaram

Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, wadda ta haɗa Nijar da Benin, a 2023, kayan da nake sarowa daga Sin suka koma sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome maimakon ta Kwatano. Tashar kam ba ta da laifi: ruwanta na da zurfi, manyan jirage na shiga, kaya na fita ba jan rai. Abin da ya ƙona mini rai kwantenar ce, bayan ta bar tasha.

Kamfanin jirgi aron kwantena yake ba ka, da kwanakin kyauta ƙidayayyu. Lissafi na farawa tun ranar da aka sauke ta, ba ya tsayawa sai ta koma Lome fanko. Kafin a rufe gadar, ta hanyar Kwatano kamyo na bin Paraku, Gaya, Doso, ya miƙe gabas. Ta Lome kuwa sai ya ratsa Burkina, ya zauna a Kaya jiran ayarin da sojoji ke rakawa, ya bi Dori da Tera zuwa Yamai, sannan ya fuskanci kusan kilomita 900 kafin Damagaram. Ba mai gaya maka ranar tashin ayari. Kana zaune a Kasuwar Dole, kwanakin kyauta sun ƙare, tara na hawa kowace safiya, kuma farashin kwana na ƙaruwa mataki-mataki. Tarar kwantena mai ƙafa 40 ta fi ta mai ƙafa 20 zafi. Rangwamen da na samu a kuɗin jirgi, tarar nan ta haɗiye shi, ta taɓa har kuɗin ajiyar da na bari.

Yanzu kafin in tambayi kuɗin jirgi, kwanakin kyauta nake fara ciniki, a rubuce tun kaya ba su hau ruwa ba. Na baki ba ya aiki. In kayan buhu ne ko katan mai jure hanya, a juye su cikin kamyo tun a Lome a mayar musu da abarsu. In masu fashewa ne, gara ka sayi tsohuwar kwantena taka ta kanka. Takardar BSC kuma, wato ta bin diddigin kaya, a gama ta da wuri, kada duwan ta ƙara maka kwana.

Masu cewa a bi Legas don Kano na kusa, su ma su fara lissafa kwanakin fita daga tashar Apapa ta Legas da na komawar kwantenar.