Yadda muke renon natsuwar yara a gidan renonmu

Shekara 9 ke nan ina gudanar da ƙaramin gidan renon yara, inda ni da mataimakana mata 3 muke kula da yara 24 masu shekara 2 zuwa 5, tun daga safe har zuwa lokacin da iyayensu za su tashi daga aiki. Kukan da na fi ji daga bakin iyaye ranar da suka kawo yaro shi ne, "Malama, yaron nan ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba ya mayar da hankali a kan komai." Nakan saurare su da kyau, sannan in roƙe su su ba ni mako biyu kafin in ce wani abu, domin sau da yawa yaron lafiyarsa ƙalau, wurin da yake da yadda manya ke bi da shi ne ke raba masa hankali.

Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke sa mutum ya tsaya a kan abu ɗaya ya yi watsi da abin da ke janye shi, ba ya gama girma sai an kai wajen shekara 25. Saboda haka tsawa da umarnin "zauna ka natsu" ba sa haifar wa ɗan shekara 3 natsuwa, iyakarsu su sa shi ya yi shiru don tsoro alhali hankalinsa yana wani wuri.

A farkon sana'ar na kashe mafi yawan jarina wajen sayen kayan wasa, na kuma cika bango da hotuna da haruffa masu launi, domin na ɗauka abin da ke nuna kyawun wuri ke nan. Yaran suka riƙa ɗaukar wannan su yar, su ɗauki wancan, faɗa kuma ba ya ƙarewa. Daga baya na karanta wani bincike da aka yi a Jami'ar Toledo ta Amurka a kan yara masu wata 18 zuwa 30, inda aka ga cewa idan an ba yaro kayan wasa 4 yakan daɗe yana wasa da kowanne, yana kuma sarrafa shi ta hanyoyi dabam-dabam, fiye da idan an zube masa guda 16. Wani binciken na Jami'ar Carnegie Mellon da aka buga a 2014 ya nuna cewa ƙananan yara sun fi shagala a ajin da aka cika bangonsa da ado. Sai na kwashe mafi yawan kayan na adana, na bar kaɗan a kan kanta daidai tsayin yara, muna sauya su duk bayan mako biyu, kuma cikin wata guda hayaniyar ɗakin ta ragu sosai.

Aikin da ya fi wuya shi ne horar da manya, ni kaina a ciki. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a birnin Rum a 1907, ta ba da labarin wata yarinya 'yar kimanin shekara 3 da ta maimaita zura guntayen katako a ramukansu fiye da sau 40 ba tare da ta kula da abin da ake yi kewaye da ita ba. Ban gaskata hakan sosai ba sai da na gani da idona. Akwai wani yaro da iyayensa suka ce ba ya iya minti 2 a zaune, wanda wata safiya ya tsaya yana juya ruwa daga ƙaramar buta zuwa kofi, yana mayarwa, yana sake juyawa, har na ƙirga minti 17. Wata sabuwar mataimakiyata ta nufo shi da murna za ta yaba masa, na ɗaga mata hannu ta dakata, domin na sha ganin yadda kalmar "madalla" ɗaya ke sa yaro ya ɗago kai ya bar aikin, ya koma neman idon babba. Tun daga ranar ƙa'idarmu ita ce ba a yi wa yaron da ya duƙufa a kan abu magana, ba a gyara masa hannu, ba a ɗauke shi hoto, matuƙar ba ya cikin haɗari. Yaron kuma da bai iya tsayawa a kan abu ɗaya ba tukuna, babba kan zauna kusa da shi ya zuba wa abin da yaron ke riƙe ido, ya yi magana kaɗan a kansa, kuma hakan kaɗai yakan tsawaita lokacin da yaron zai yi a kan abin.

Abin da ke faruwa a gida ma yana biyo yaro har wurinmu. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun ce yara masu shekara 3 zuwa 4 suna bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a rana, da motsa jiki na aƙalla minti 180, kuma kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa 1. Shi ya sa muke fara yini da guje-guje a tsakar gida kafin a shiga aikin hannu, ba ma kuma tsallake barcin rana. Iyaye nakan roƙe su abu biyu kawai: su tsayar da lokacin kwanciya, su kuma kashe talabijin idan ba mai kallo, domin ƙararsa tana katse wasan yaro ko da bai juya ya kalla ba.

Wannan tsari ya taɓa jawo mini asara, domin wasu iyaye suna so su ga littafi cike da rubutu kowace rana, kuma a shekarar da na sauya tsarin an janye mini yara 3. Abin ya dame ni ƙwarai, amma na kasa yarda in tilasta wa ɗan shekara 3 rubutun da hannunsa bai ƙosa ba don kawai in riƙe abokin ciniki. Abin da na yi shi ne buɗe wa kowane yaro shafi a littafin lura, inda muke rubuta aikin da ya zaɓa da mintocin da ya yi a kai, ina nuna wa iyaye a ƙarshen wata.

Wannan littafin ne kuma ke nuna mini yaron da lamarinsa ya wuce ikona. Idan watanni suka shuɗe babu ci gaba, nakan ba iyaye shawara su kai shi asibiti a duba ji da gani da ƙarancin jini, a kuma bar wa likita hukunci a kan lalurar rashin natsuwa, domin ba aikina ba ne in sa wa ɗan wani sunan cuta. Wata yarinya da kullum take tashi daga da'irar karatun labari, da aka duba sai aka tarar ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnenta, ba ta jin rabin abin da nake karantawa. Bayan an yi mata magani na mayar da wurin zamanta kusa da ni, kuma yanzu takan zauna har a rufe littafin, wani lokacin ma ta nemi a sake daga farko.