Laraba: "Ai an ga cikin a mahaifa"

Da safe komai lafiya lau, asibitin awo ba cunkoso, har Matron ta yi mana rabon ƙosai.

Wajen la'asar aka shigo da wata baiwar Allah, ciki sati 7 bayan IVF (haɗa ƙwai da maniyyi a waje sannan a dasa a mahaifa), ƙwai biyu aka dasa mata. Mara na ciwo ta dama, jiri, kafaɗa na sukarta in ta kwanta. Jini ko ɗigo bai fito ba. Mijin ya miƙo takardar sikanin da aka yi musu a wani wuri.

"Likita, ai an ga cikin a mahaifa, har zuciya na bugawa."

Na ce, "Gaskiya ne Alhaji, amma an duba gefe da gefe?"

Takardar ba ta ce komai a kan bututun ƙwai ba. Abin da ya tsaya min a rai ke nan har yanzu. Mai sikanin ya ga ciki a mazauninsa ya yi murna, ya ajiye na'ura. A cikin da aka samu ba da taimakon asibiti ba, samun ɗaya a mahaifa ɗaya a waje kusan 1 ne cikin 30,000, shi ya sa ake sakin jiki. Amma bayan IVF ana ambaton har 1 cikin 100, musamman in an dasa ƙwai fiye da ɗaya ko bututun ya taɓa lalacewa. Masu sayen Clomid, maganin sa mace ta saki ƙwai, a kemis ba takardar likita su ma suna cikin haɗarin.

Muka sake sikanin ta cikin al'aura. Ga na mahaifa lafiya, ga wani ƙulli a bututun dama, ga jini ya taru bayan mahaifa. Gwajin hCG, sinadarin da ke nuna akwai ciki, ba ya raba gardama a nan, domin na mahaifar ma yana ɗaga shi. Allurar methotrexate kuwa, wadda ake narkar da cikin wajen mahaifa da ita, babu zancenta, za ta kashe duka biyun. Da na bututun bai fashe ba, wasu kan tsira masa allurar potassium chloride kai tsaye don tsayar da shi, suna kallo a sikanin. Nata ya riga ya fara zuba, sai tiyata.

Layin ƙarin ruwa biyu, jini leda biyu a tanade. Oga, babban likitanmu, ya shiga cikinta da kyamarar tiyata, ya cire bututun dama, bai taɓa mahaifa ba, bai taɓa ma'ajiyar ƙwai ba.

Alhaji ya tare ni a baranda. "Ɗayan zai tsaya?" Na ce kusan biyu cikin uku sukan kai haihuwa, sauran sai addu'a. Ya yi shiru, ya ce shekara tara suna nema.

Jininta O negative ne, an yi mata anti-D, allurar da ke hana jininta yaƙar na jaririn. Progesterone, maganin riƙe ciki, ta ci gaba da shi. Gobe kafin zagayen safe zan sake duba bugun zuciyar.